Farar Awara a Bakin Ƙofa

Daejeon, farkon Nuwamba

Zuwa ga Yayata, Sista Agata,

Yabo ga Yesu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Uwa Babba da sauran sistoci. Yaya gwiwar taki da sanyin nan da ya fara shigowa? Maganin shafawar da na aiko ya iso kuwa?

An rataye ƙyalle a bakin layinmu ranar Litinin. An rubuta da jan fenti: "Ba ma son mai kisa kusa da 'ya'yanmu." Akwai kuskuren rubutu a kalma ta biyu, kuma shekarun da na yi a gidan jarida suka sa shi na fara gani kafin ma'anar ta shige ni.

Kin san tun da Fada Bang ya buɗe Gidan Barnaba ya ɗora ni a kansa, maƙwabta sun ɗauka leburori ne coci ke ba wa masauki, ba waɗanda suka fito daga kurkuku ba. Ba mu yi musu ƙarya ba, ba mu kuma gyara musu ba. Mutanenmu suna fita aiki da sassafe, suna rusunawa su gai da kowa, ba su taɓa zubar da shara a ranar da ba tata ba. Da haka muka zauna lafiya, har zuwan Baba Pyo.

Sunansa Pyo Man-bok. Ya kashe mutum a wani faɗa a tashar jiragen kamun kifi yana ɗan shekara talatin da wani abu, aka yi masa ɗaurin rai-da-rai. Bayan shekara ashirin da ɗoriya aka sake shi bisa sharaɗi, babban sharaɗin kuwa shi ne ya zauna a adireshin nan namu. Idan ya rasa shi, ciki zai koma, kuma a shekarunsa babu sauran fitowa. Na tuntuɓi sauran gidaje tun kafin ya zo. Wasu sun cika, wasu ba sa karɓar wanda ya zubar da jini.

Ba wanda ya tarye shi a ƙofar kurkuku, don ƙanwarsa ta ce ba ta da wa. Ya hau mota shi kaɗai daga kudu, ya riga lokacin da aka faɗa mana, ya iso ina can ofishin jami'in da ke sa masa ido. Ƙofar gidanmu ba a kulle take ba, turawa kawai ake yi. Amma mutumin da ya yi rabin rayuwarsa ba ya taɓa marikin ƙofa bai san haka ba. Ya tsaya a gabanta, diddige haɗe, jaka a hannu, yana jiran a buɗe a ce ya shiga. Mai kantin kusurwa ta ce tun tsakar rana yake nan.

Gu Dal-su ne ya same shi da ya dawo daga aiki. Dal-su tsohon ɗan sane ne, ya shiga ya fita ba sau ɗaya ba, bakinsa ba ya hutawa. Kallo ɗaya ya gane tsayuwar. Ya ce masa, "Baba, ganduroban ya tafi hutu, yau kai ne mai makulli." Sai ya tambaye shi ko an ba shi awara da ya fito. Da ya ji ba a ba shi ba, ya ce wannan ai abin kunya ne, ba zai taka gidan nan da baƙin ciki ba, ya ruga kanti.

Mu a kicin muke yin wannan al'ada ta ba wanda ya fito daga kurkuku farar awara, a rufe. Dal-su da zumuɗinsa a titi ya miƙa masa. Baba Pyo ya karɓa da hannu biyu ya cinye ta a tsaye daga cikin baƙar leda, ɗanya, ba gishiri ba miya, ɓarɓashi yana zuba a wuyan rigarsa. Dal-su yana cewa, "Ka gama da wake, Baba. Wake yakan zama awara, awara kuwa ba ta komawa wake." Har gobe mutane "cin wake" suke ce wa zaman kurkuku, ko da an daɗe da daina dafa shi a can, shi kuwa Baba ya ci na gaske a shekarunsa na farko. Ya goge baki ya ce, "Haka suke cewa."

Lokacin ne daidai motar makarantar yara take saukewa, iyaye mata suna tsaye a bakin layi. Yaya, tsoho da gajeren aski yana cin farar awara a tsaye a bakin ƙofa, wa zai nemi a fassara masa? Kafin mako ya ƙare sun san sunansa da abin da ya yi.

An kira taro a zauren coci ranar Lahadi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Seol In-gyu, Toma

Daejeon, tsakiyar Nuwamba

Yayata abar ƙauna,

Yabo ga Yesu. Wasiƙarki ta zo, na gode, na kuma ji daɗin jin cewa kina iya durƙusawa a coci lokacin Mas yanzu. Ki gai da Uwa Babba, ki ce mata carbin da ta aiko na ba Baba Pyo. Ya riƙe shi ya rasa inda zai ajiye, sai da na ce masa nasa ne, ba wanda zai zo bincike.

Majalisar coci ta gindaya wa Fada Bang sharaɗi: gidan ya ci gaba, amma Baba Pyo ya tafi.

Wadda ta yi magana da bakin matan unguwa ita ce Maman So-ra. 'Yar cocinmu ce, tana cikin mawaƙa, kuma ba muguwa ba ce, kada ki ɗauke ta haka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɓarayi da mashaya za su iya haƙuri da su, kowa ɗan wani ne. Sai ta juya ta dubi Fada ta ce, "Ni ma ina karanta Linjila, Fada. Amma kai ba ka da 'yar shekara biyar da ke wucewa ta ƙofar nan kullum."

Fada ya ce ba shi da ma'aunin da zai auna wanda ya cancanci gadon kwana da wanda bai cancanta ba, idan kuma ya fara zaɓe bai san a kan wa zai tsaya ba. Ya ce Baba Pyo yana nan. Lahadin da ta biyo baya benci da yawa babu kowa, iyalai sun koma cocin da ke ƙetaren gada. An kuma kai ƙara wurin Bishop, ana neman a rufe gidan gaba ɗaya.

Yanzu kusan kowace safiya muna tarar da awara an maka wa ƙofarmu, ta farfashe ta manne. Dal-su ne ke wankewa, yana cewa an ciyar da ƙofa, ita ma ba za ta koma ba. Shi kaɗai ke dariya, kuma na ga idonsa ba ya yi. Ya san daga hannunsa abin ya fara.

Abin da ya fi damuna a cikin gida yake. An sallami biyu daga mutanenmu daga wurin gini, mai aikin ya ce ba ya son surutu. Tun daga nan idan Baba ya zauna a teburi hira sai ta mutu. Ba wanda ya zage shi, ba su da wannan tarbiyyar a gaban babba, amma an daina miƙa masa kwanon kimci, kabejin nan namu mai yaji, sai ya miƙa hannu da kansa, shi kuwa ba ya miƙawa. Shinkafa zalla yake ci. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama ya ce a gabansa, wai da bango yake magana, mutum takwas suna biyan kuɗin awarar mutum ɗaya.

Batun ƙofa bai canja ba. Muna barin ƙofofin cikin gida a buɗe saboda shi, har ta banɗaki. Kullum ina ce masa ƙofofin nan nasa ne, ya ce to, Shugaba, gobe kuma in same shi a tsaye. Bai taɓa fita titi ba sai da ni. Amma ya gyara duk kujerun gidan, don ya koyi aikin kafinta a ciki, kuma hannunsa yana da kyau.

Jiya da rana ya zo ya tsaya a bakin ofishina har sai da na ce ya shigo. Ya ƙi zama. Ya ce, "Shugaba, idan babu ni, gidan zai tsira?" Na ce masa wannan ba batunsa ba ne, Fada ya riga ya yanke, ya je ya huta. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ganduroba mai kirki idan ya yi ƙarya don a samu barci. Ya rusuna ya fita da baya.

Na gaya wa Fada. Ya ce zai zo ya zauna da shi ranar Juma'a.

A gai da kowa. Ki rufe ƙafafunki da kyau.

Ƙaninki,
Toma

Daejeon, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Yabo ga Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da duk gidan. Ki yafe mini jinkirin amsa.

Baba Pyo ya bar gidan ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin Fada ya zo.

Mutanen sun tafi aiki, ni ina kasuwa. Na tarar ya naɗe bargonsa kusurwa huɗu daidai, kamar yadda ake yi a ciki, ya jera takalman ɗaki a bakin ƙofa. Carbin bai bari ba. Mai kantin kusurwa ta gan shi. Ta ce ƙofar ta buɗe a hankali, ya fito, ya ja ta ya rufe, ya rusuna wa ƙofar kamar mutum ce, sannan ya nufi tasha. Wannan ne karo na farko da ya buɗe ƙofa da hannunsa tun da ya zo.

Doka ta ce in sanar da jami'insa a ranar. Na zaga tashoshi har yamma, ni da Dal-su, sannan na sanar.

Ranar Asabar aka sauke ƙyallen. An janye ƙarar da aka kai wa Bishop. Maman So-ra ta kawo mana babbar roba cike da sabon kimci, na hunturun bana, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce a ba mutanen gida, ba ta ɗago kai ba. Suna ci. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama ya koma aikinsa. Dal-su ya daina magana a teburi, ya kuma ce mini daga yau duk wanda ya fito, wani ya sayo masa awarar, ba shi ba.

Yau da safe 'yan sanda suka bugo daga garin da kurkukun yake. Wani tsoho ya ɗauki ƙullin waken suya a wata rumfa a kasuwa, a gaban mai rumfar, bai gudu ba, bai ɓoye ba. Ya taka da shi har ofishinsu, ya tsaya a bakin ƙofa, diddige haɗe, ƙullin a hannu biyu, har sai da wani ya fito ya buɗe masa. Sun tambayi sunansa, lamba yake faɗa musu, irin ta fursuna. Akwai carbi a aljihunsa.

Fada ya hau jirgin ƙasa zuwa can. Yana so ya roƙi mai rumfar ta yafe, ina kuma tsammanin za ta yafe, wake ne. Amma jami'in ya gaya mini barin adireshi ba izini kaɗai ya isa a soke sakin, kuma ba a cika sauraron roƙo ba idan shi mutumin bai roƙa ba.

Ban ba kowa gadonsa ba. Ki roƙi sistoci su ambace shi da sunansa, Pyo Man-bok.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Seol In-gyu, Toma

Sun sake bugowa ina shirin liƙe ambulan. Lambar da yake faɗa ta yi daidai da wadda ke cikin takardunsa. Sunan dai sun ce sai sakamakon zanen yatsu ya dawo, wataƙila ranar Litinin.