Tumaki Biyu a Gindin Tagar Baba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki a durƙushe, kamar yadda na saba yi a ƙofar ɗakinki a Durun, tare da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu dai lafiya lau muke, sai ƙafar Baba, kuma labarinta nake so in ba ki.

Da farko, na gama makarantar koyon aikin tsabta ta Kano, wadda kika raka ni har bakin hanya ranar tafiyata amma ba ki ga dawowata ba. An turo ni Gwarzo aikin duba-gari. An ba ni kaki da hula da gida mai rufin kwano a bayan gari. Aikina in bi gida-gida in leƙa randa, in duba kwata da salga, in kuma hana a kafa turken dabbobi a jikin ɗakin kwana saboda ƙuda. Mata na hango hulata sai su hau kifar da tukwane. Abin ba ya yi mini daɗi, amma abin da aka koya mana gaskiya ne, kuma ina ƙoƙarin in yi shi daidai.

Kin san ciwon nan da kututture ya ji wa Baba a ƙwauri a daminarki ta ƙarshe. To, ya zama gyambo. Da na je gida lokacin cirar gyaɗa na same shi ya naɗe wurin da tsumma yana bin masu cira yana ɗingishi. Da ƙyar na shawo kansa ya biyo ni. Malamin asibitin nan ya ce sai an wanke ciwon kowace safiya ba fashi, kuma Baba ya zauna wuri guda. Ya ce idan ya koma gona ƙarshenta sai Kano, can kuwa ba mamaki su ce a yanke ƙafar. “Ba mamaki” ya ce, bai ce tabbas ba. Ina faɗa miki yadda ya faɗa ne, ban ƙara ba, ban rage ba.

Na ba shi ɗakina, na saya masa sabuwar tabarma, na rataya masa gidan sauro. Na ɗauka na gama komai. Ashe barci ne ba zai zo ba, Inna. Da safe idanunsa jajir, tuwo sai ya taɓa ya ture, ciwon kuma ya tsaya cik, ba gaba ba baya. Na tambaye shi ko zafin ƙafar ne, ya ce a'a. Ko sauro? A'a. Ko sanyin siminti? Sai ya dube ni ya ce, “Malam Duba-gari, ɗakin nan naka ba ya numfashi.” Haka yake kirana tun da ya ga hular.

Na aro akwatin rediyo wurin hedimasta. Ya saurara kaɗan ya ce in kashe, wai mutum yana magana a ɗakinsa ba zai yi masa rashin kunyar yin barci ba. Na ajiye masa agogon tebur kusa da kai, don wani malaminmu ya taɓa cewa bugunsa na sa barci. Baba ya ce abin nan ƙirga masa sauran kwanansa yake yi, in fitar da shi. Maganin barcin da malamin asibiti ya ba shi kuwa, a ƙarƙashin tabarma na tsince shi. Rubutun da liman ya aiko ya sha da bismilla, ya ce ya ji sanyi a zuciyarsa, amma ido bai rufu ba.

Ran nan na dawo daga zagaye na tarar ya ƙulle kayansa a ɗankwalinki, wanda ya taho da shi ban sani ba, ya jingina sandarsa a bakin ƙofa. Ya ce ranar kasuwa zai bi masu jakunan da suka kawo gyaɗa ya koma Durun. Na tuna masa maganar yanke ƙafa. Ya ce, “Mai ƙafa ɗaya yana barci. Ni nan da biyu ba na yi.” Kin san shi in ya faɗi magana a hankali, to ya gama.

Ke kika fitar da ni, ba tare da kin sani ba. Da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina tunanin abin da zan ce masa, sai ga wani ya wuce da kayan harawar gyaɗa a ka, tana ƙaras-ƙaras. Nan take na gan ki.

Na gan ki bayan sallar isha, kin ɗauko dami guda daga kan rumfa kin zagaya bayan ɗakin Baba, inda saniyar nan da ta rage mana da tumakinki suke ɗaure. Duk maƙwabta da magariba suke zuba wa dabbobinsu, ke kaɗai kike rage dami sai an yi shirin kwanciya. Ina yaro na ɗauka mantuwa ce. Wata rana na ce in riƙa zuba musu da wuri in hutar da ke, sai kika yi dariya kika ce, “Su ai sun ƙoshi. Babanka nake kwantarwa.”

Ban gane ba a lokacin. Yanzu na gane. Mutumin da aka haifa a ruga, ya girma yana kwana a tsakiyar garke, kunnensa ya saba da cewa in dabba tana tuƙa to lafiya, ba kura, ba ɓarawo. In garke ya yi tsit, a nan makiyayi yake zabura. Shanun sun ƙare, sai guda ɗaya, tun kafin in yi wayo, ya koma noman gyaɗa, amma kunnen bai bar kiwo ba. Ni kuwa na kawo shi gidan da babu ko kaza.

Sai dai ga inda gizo... a'a, bari in faɗa miki kai tsaye: ni ne mutumin da ya sa rabin unguwa suka tuge turakunsu daga jikin ɗaki. Kuma mai tumaki mafi kusa da ni ita ce Gwaggo Abu mai ƙuli-ƙuli, wadda muka fi kowa kai ruwa rana da ita a kan nata turken. Na cire hular, na tafi. Tana ganina ta ce, “Yau kuma me muka yi? Randa a wanke take, ɗan nan.” Na gaishe ta, na yi mata bayani, ina ta haɗa gumi. Ta yi dariya har ta saki muciya. Ta kira maƙwabciyarta ta katanga ta ce, “Zo ki ji, duba-gari ya zo aron ƙazanta!” Amma da ta gama, da kanta ta zaɓo tumaki biyu, ta ce tsofaffi ne, ba su da kuka, sai ci. Ta ƙara da cewa in gaishe da Baba, Allah Ya ba shi lafiya.

Na kafa turken a gindin tagarsa. Na zuba yashi da toka a wurin, kuma kullum kafin rana ta fito nake kwashe kashin in kai rami in rufe. Ƙuda ba su ƙaru ba, na lura sosai. Duk da haka doka doka ce, kuma babbanmu zai zo zagaye daga Kano. Na yanke shawara ni zan fara nuna masa turken da hannuna kafin wani ya nuna masa. Abin da zai ce ban sani ba, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Ban gaya wa Baba komai ba. Bayan isha na ɗauki dami na zagaya na zuba, kamar yadda kike yi.

Da asuba aka kira salla, ban ji motsin butarsa ba. Mutumin da shi ke tashin ladan a Durun! Na shiga a guje. Yana kwance a gefen dama, baki a ɗan buɗe. Na kai hannu kusa da hancinsa, Inna, sai na ji ɗumin numfashi, ashe barci yake yi. Na taɓa shi a hankali don kada salla ta wuce shi. Ya buɗe ido, ya kasa kunne ga abin da ke bayan taga. Bai tambaye ni daga ina tumakin suka zo ba. Cewa ya yi, “Ɗayar haƙoranta sun zube, a gefe guda take tauna. Ka riƙa ware mata ganyen, ka bar wa ɗayar karan.”

Ranar kasuwa ta zo, masu jakuna suka sauke gyaɗarsu suka biyo ta ƙofar gida suna tambaya ko tsoho ya shirya. Yana zaune a inuwa, ƙafar a miƙe da sabon bandeji, yana tsince wa mara haƙoran ganye. Ya ce su gaida gida, shi yana da kiwo a nan. Jiya malamin asibiti ya ce bakin ciwon ya fara jan nama. Bai ce ya warke ba, ya ce ya fara.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Yadda kika yi shekaru kina fita cikin sanyi da damina don wani ya runtsa, Allah Ya shimfiɗa miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa barcinki ya zama mai daɗi har ranar da za a tashe mu. Ya ba Baba lafiya, ya taka zuwa Durun da ƙafafunsa biyu ya ziyarce ki. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Sa'idu