Gaisuwar Baba Illo Kafin Ɗaga Ƙarfe

Laraba da dare, Treichville, 1961

Na ɗaga shi! Ƙarfen nan mai gwangwanayen siminti, wanda ya kunyata ni gaban 'yan dakon tashar jirgin ruwa a filinmu na motsa jiki, yau ya hau saman kaina.

Ashe gaggawa ce ke kayar da ni. Na saba da kasuwar Adjamé, inda in ka sauke buhu ka tsaya, wani ya ƙwace maka aiki. Haka nake wa ƙarfe, ina ajiyewa ina cafkewa.

Baba Illo, tsohon ɗan kokawar nan mai goro, ya riƙe hannuna. Ya ce, "Yaro, ba mu da agogo. In ka ajiye, zo ka gaishe ni. In haki ya yanke gaisuwar, zauna ka sake daga farko."

A "ina gajiya" numfashina ya ƙare, aka yi ta dariya. Na zauna, na sake, har na kai "ina mutan gida" ba haki. Ya ce, "To, je ka." Sai ga ƙarfe a saman kaina.

Gobe za a ƙara nauyi. Har lafiyar awakinsa na Tawa sai na tambaya.