Irin Tsamiyar Baba Ya Tsiro

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya su Auta?

Lafiyata lau. Leƙen madubin bincike mai girmama ƙananan abubuwa ne ya ɗan taɓa idona, amma tabarau ya gyara.

Irin tsamiyar da ka aiko ya iso. Wata uku ina shuka irin da ake samu a nan bai tsiro ba, har malamin da ke duba bincikena ya fara zancen sallamata. Na goga naka a dutse na jiƙa, yadda kake yi. Kwana biyar sai ga saiwa! A cikinta na ƙirga kuromosom, zaren gadon da muke tantance dangin itatuwa da shi: ashirin da huɗu cif.

Malam ya ce, "Wa ya koya miki?" Na faɗa masa. Ya ce lallai sunanka ya shiga takardar binciken da za mu wallafa.

Allah ya saka maka da alheri, Baba.

'Yarka