Bargon tsummokara irin na Inna

Inna, ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya su Nafusa?

Ni lafiya lau a Alƙahira, yatsuna ne kawai suka ɗan kumbura, ba komai.

Ranar gwajin ɗaukar aiki a shagon ɗinki na haɗa musu bargon tsummokara irin naki. Mai shagon, Usta Mahrus, ya ce, "Kai ɗan ƙauye, bola ka kwaso mana? Mu furen yadi muke ɗorawa." Na zaci kora ce. Sai wansa, wanda ba ya son fure, ya juya bargon, ya daɗe yana shafa ɗinkin. Ya ce, "Haka mahaifiyarmu take yi, Allah ya jiƙanta. Zauna kusa da ni."

Na zauna, amma allurarsu gajera ce, Inna. Ki aiko min da taki, ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Hamada