Injin Kumbo a Bakin Galan Guda

Sabon Gari, Gusau,
4 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga ƙanena Mas'udu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rukayya da yara. Yaya zafi, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, maigidana Malam yana gaishe ka.

Ranar Asabar ba mu gan ka ba. Na shimfiɗa tabarma bayan La'asar kamar kullum, na fito da taswirar taurari da ƙwayoyin ludo. Malam ya zauna, Kulu abokiyar aikina ta iso, sai ga Jibo ƙanin Malam ya shigo yana warin fetur daga wurin bumburutunsa na hanyar Bungudu. Kafin in buɗe baki ya sanar da mu cewa injin tsallake na kumbonka ya zama nasa. Wai ka sayar masa ranar Alhamis a Tsafe, a bakin galan guda na mai. Ba man wasa ba, Mas'udu. Fetur na gaske, wanda ake zuba wa babur.

Tunda alama ta nuna ka manta, bari in tuna maka yadda abin yake. Littafin wasan nan wani ɗan bautar ƙasa ya bari a makarantarmu, ni na karanta shi na mayar da dokokinsa Hausa. Kowannenku matuƙin kumbo ne mai fatauci tsakanin duniyoyi, ni kuma mai labari: ni ce kwastan, ni ce kasuwa, ni ce hatsarin hanya. Fasa-ƙwauri yana cikin wasan, ban taɓa hana kowa ba. Ka ɗauko maganin da Daula ta haramta, ka binne shi ƙarƙashin buhunan gishiri, ka jefa ƙwaya a gabana. In ta ba ka, ka wuce. In ta ƙi, a ƙwace kaya. Ta haka ka sami injin nan, wanda babu irinsa a hannun kowa, mai kai kumbo wata duniya a zama ɗaya yayin da sauran suke rarrafe.

Doka ɗaya na ƙara wadda ba ta cikin littafi: ba ciniki sai a kan tabarma, kuma ba da abin duniyar nan ba. Wanda ya karya ya bar wasa. Ka san dalili. Tun da maƙwabta suka hangi ƙwaya suke cewa ana caca a gidan Malam Tukur, ni kuma ina ba su amsa cewa ko goro ba wanda ya taɓa ci ko ya rasa a nan. Yanzu da wane baki zan faɗa?

Ban yanke hukunci ba tukuna. Ba na so in kore ka. Tun rasuwar Inna, in ba don tabarmar nan ba da sai sallah-sallah za mu riƙa ganinka. Amma ka san ni. Ka rubuto bayani ka ba direban da ya kawo wannan.

Ka gaishe da Rukayya. Wassalam.

Yayarka,
Zuwaira.

Sabon Gari, Gusau,
13 ga Mayu, 1998.

Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, da fatan ƙafarka ta warware. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsaye, sannan na nemi kujera na sake karantawa.

Bari in maimaita in ga ko na fahimta. Gidajen mai na Tsafe a rufe suke, kuɗin mota ya fi ƙarfin albashinka, kana kuma son zuwa wasa. Jibo ya je can farautar direbobin tanka, kuka haɗu, ka ba shi injin kumbo don ka sami man da zai kawo ka Gusau ka tuƙa kumbon da ba shi da inji. Man kuma rabinsa kananzir ne. Babur ya kawo ka Kwatarkwashi ya buga, ka tura shi cikin rana har ƙafarka ta kumbura, sannan wani mai a-kori-kura ya ji tausayinka. Na karanta littattafai da dama a rayuwata, ban taɓa cin karo da ɗan kasuwa irinka ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne layinka na ƙarshe, inda ka ce ai ba kai ka fara ba. Na bincika, kuma gaskiya ka faɗa. Kulu na fara tsarewa a ɗakin malamai. Ba ta ja ba, ta ce tun watan azumi ta ba Jibo taswirar hanyar da ke kewaye shingen kwastan, ya ba ta man da aka kai surukarta ƙauyen Kekun Waje. Daga nan na dawo gida kan Malam. Ya yi ta gyaran hula, ya yi ta kallon bishiyar darbejiya, sannan ya ce takardar izinin shiga tashar Daula ya bayar. Na tambaye shi a bakin me. Ya nuna mini rishona. Ashe kananzir ɗin da yake shigowa da shi yana cewa wani aboki ya taimaka, wanda nake dafa muku shayi da shi ran Asabar, daga nan yake.

Wato wata da watanni ina zaune ina tsara shinge, ina ƙirƙiro jami'an kwastan masu gashin baki, ina jin daɗin yadda kuke zufa kafin ku jefa ƙwaya, alhali kasuwar gaske tana ci a bayan jarkokin Jibo, inda ba ƙwayar da za ta kama kowa. Na yi mamakin yadda sa'arsa ta buɗe. Da, kumbonsa ko shingen farko ba ya wucewa.

Ga inda muke. In na bi dokata, ku huɗun duka kun fita, in zauna ni da taswira. In na kau da kai, maƙwabta sun yi gaskiya, kuma ba zan sake shimfiɗa tabarmar ba. Ban yi wasa ranar Asabar da ta wuce ba, na ce kaina yana ciwo. Jibo ya aiko a yi mini sannu, har da tambayar yaushe zai gwada sabon injinsa.

Kada ka ba kowa babur ɗin sai bakaniken da ya san aikinsa. Ka shafa wa ƙafar man kaɗanya. A gaida yara.

Yayarka,
Zuwaira.

Sabon Gari, Gusau,
25 ga Mayu, 1998.

Ƙanena Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Rukayya, da fatan ruwan farko ya sauka a wajenku kamar yadda ya sauka nan. An yi wasa shekaranjiya, ga yadda ta kaya.

Ban kori kowa ba. Na bari kowa ya zauna, Jibo ya baje takardunsa kamar mai shirin ɗaurin aure. Sai na buɗe zama da sanarwa daga fadar Daula: an gina masana'anta, daga yau duk kumbon da ke tasha za a ɗaura masa injin tsallake kyauta. An soke takardar izini. Hanyar kewaye kuwa an zana ta a bangon kowace tasha, ko ɗan dako ya san ta. Tarihi nake koyarwa, na san bulala ba ta taɓa rufe kasuwar bayan fage ba. Abin da ke rufe ta shi ne kaya su wadata. Daga yanzu ba abin da zai yi ƙarancin da zai kai darajar cokalin fetur a duniyoyina.

Jibo ya ce wannan ba ya cikin littafi. Na ce kasuwa ta mai labari ce, ya duba. Ya ce matar yaya ta karya ɗan kasuwa da rana tsaka, ya kashe mai na gaske a kan abin da na mayar tsakuwa. Na ce rabinsa dai, sauran rabin kananzir ne. Kulu ta yi dariya har ta shaƙe, wannan ne ya ƙarasa shi. Ya tattara takardunsa, ya rantse ba wanda zai sake samun ɗigo a wurinsa cikinmu, ya fita ko sallama babu.

Ya cika alkawari. Rishona ya mutu, na koma murhu. Malam yana zuwa aiki a ƙafa, yana kuma yi mini magana a gajarce, wai na raba shi da ɗan'uwansa saboda takarda. Na ce ba ni na kai takardar kasuwa ba.

Saura kai. Ko an gyara babur ba ka da abin zuba masa, kuɗin mota kuma ka ce ya fi ƙarfinka. Don haka ni zan zo. Ranar Asabar zan shiga motar safe ni da Kulu, da Malam in ya huce. Ka ce wa Rukayya kada ta wahalar da kanta da girki, ta dai share inuwar nan ta tsakar gida. In tana so ta zauna, akwai kumbon da ya rasa matuƙi.

Kada ka ɗauka ka sha. Ranar rabon inji kumbonka ba ya tasha, yana can inda ka yasar da shi. Matuƙinka zai fara da dako a bakin tasha har ya sami mai rage masa hanya, kuma kowane buhu sai ka jefa ƙwaya a gabana.

Da ƙwaya biyu zan zo. Ta ukun Jibo ya tafi da ita a aljihu. Ban aika a karɓo ba. In ya gaji da fushi, ya san hanyar Tsafe.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Yayarka,
Zuwaira Bawa.