Haruffa Biyar a Wayar Baba

Litinin, 6 ga Oktoba

Jiya aka kai Baba makwancinsa. Yau na je na gyara firijin mai shagon magani, tunda na riga na yi masa alkawari. Gas ne ya tsiyaye. Ya yi mini gaisuwa, na amsa, na ce kada ya kunna sai la'asar. Ban ji komai ba. Ƙirjina kamar dasashin da aka yi wa allura za a cire haƙori.

Talata, 7 ga Oktoba

Mama da mijin Auta sun yanke magana: ba za a gaya wa ƙanwata ba sai ta sauka. Cikin ya tsufa, jininta ya hau, likita ya kwantar da ita a can garinsu mai nisa, ya ce ko faɗuwar kwano kada ta ji. An ja kunnen dangi. Kiran waya ba matsala ba ne, kunnen Baba ya daɗe da yin nauyi, ba ya amsawa.

Matsalar wasan nan nasu ne na waya. Kullum da safe ana ɓoye kalmar Turanci mai haruffa biyar, a canka cikin gwaji shida. Harafin da ya zauna a gurbinsa ya yi kore, wanda yake ciki amma ya ɓata wuri ya yi rawaya. Auta ta turo masa layukan akwatunanta masu launi, shi ma ya tura mata nasa, haɗe da ma'anar kalmar da Hausa. Mijinta ya ce mata wayar Baba na wajen gyara, amma wannan ƙaryar ba za ta yi nisa ba.

Mama ta miƙo mini wayar. "Kai za ka riƙa yi." Ni da Turanci ya koro daga makaranta.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sai azahar na samu, da ƙamus ɗin Baba a cinyata, mai ƙamshin man zafi. CHAIR. Na rubuta yadda na ga yana rubutawa: "Ma'ana: kujera." Ta turo dariya. "Baba, barka da dawowa."

Na ajiye wayar na ci abinci.

Asabar, 11 ga Oktoba

Har yanzu masu gaisuwa na zuwa. Ni nake kwashe tabarmi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Yau na sha wuya. CRATE, kiret na lemo, sai ga R da A da E sun yi kore. FRAME, firam na hoto, babu ƙari. GRADE, mataki, G ta zauna. Saura harafi ɗaya tal. Na bi ƙamus da yatsa, na ci karo da GRAVE, kabari. Na tsallake. Na sa GRAZE, kiwo, ba ita ba ce. Na tafi aiki, na dawo, wayar na nan tana jirana. Na rubuta kabarin da babban yatsa, a wayar mai kabarin. Ita ma ba ita ba ce.

GRAPE. Rabin yini ina kewaye kabari, ashe inabi ne.

Auta ta ce, "Shida cur? Tsufa ya zo, Baba."

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mama ta tambaye ni ko ina barci. Ina yi. Abin da ya dame ni ke nan.

Baba ya ƙare rayuwarsa yana duba kurakurai a maɗaba'a, kuma bai taɓa cewa in zo in gwada wasan nan ba. Ni ake kira in fanka ta tsaya. Ba ƙorafi nake ba, faɗa kawai nake. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Yanzu ko'ina na duba sai na ƙirga haruffa. A jikin firij akwai POWER, wuta. Akwai LIGHT, fitila, da WATER, ruwa. Tun ina koyon aiki nake danna su, ban taɓa kallon su a matsayin kalmomi ba. Wata mata ta tarar da ni tsugune a kicin ɗinta ina lissafi da yatsu, ta ce, "Malam, ba dai kuɗin ne ya ƙaru ba?"

Mijin Auta ya ce jinin ya ɗan sauka. Saura kaɗan. In ci gaba kawai.

Talata, 28 ga Oktoba

Da sassafe na fara da LIGHT, huɗu suka yi kore nan take. Na rufe ido na sa TIGHT. Ita ce! Gwaji biyu! Wallahi sai da na miƙe tsaye. Tun rasuwar, wannan ne abu na farko da na ji a jikina, kuma daɗi ne. Ban jira komai ba na tura mata: "Ma'ana: matsattse."

Ta gani. Ba ta turo nata ba.

Da hantsi wayata ta yi ƙara. Tawa, ba ta Baba ba.

"Yaya, wa ke riƙe da wayar Baba?"

Na ce shi mana.

"Baba bai taɓa riga ni turawa ba, don kada ya ɓata mini wasa. Kuma bai taɓa cinye ni ba. In na yi uku ya yi huɗu. Mutumin da ƙamus ke cikin kansa? Ka ɗauka ban san da gangan yake yi ba?" Na ji numfashinta. "Yaushe ne?"

Na gaya mata. Ta yi salati a hankali, sai muryar mijinta, sai wayar ta katse.

Na koma baya cikin saƙonninsu har yatsana ya gaji. Kullum bayanta. Kullum ya fi ta layi. Ni da nake zaton na iya kwaikwayonsa, ashe rashin iyawata ne ya rufa mini asiri.

Laraba, 29 ga Oktoba

Jinin Auta ya hau sosai, an shiga da ita tiyata. Mama ba ta ce mini komai ba, gara ma ta zage ni. Ina jin tsoro.

Ban buɗe wasan ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, tana cikin kwalbar jarirai ta asibiti. Auta ta farfaɗo. Ba ta nemi magana da ni ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

An fito da jaririyar daga kwalba. Mama ta kashe wayar Baba ta sa a ƙasan akwati.

Ina ƙarƙashin wani firij saƙo ya shigo tawa wayar. Layi huɗu na akwatuna, daga Auta. Ƙarƙashinsu: "Naka nake jira, Yaya."

Na zauna a ƙasan kicin ɗin mutane na buɗe wasan. Bayan gwaji biyu na gane ta sarai, SPOON ce. Na daɗe ina kallon ta. Sai na sa CHAIR. Na sa GRAPE. Sannan na sa ta, layi na biyar. Ban san haka abin yake da nauyi ba, ka san amsa ka riƙe ta don wani ya ji daɗi, kuma kullum. Mai gidan ya leƙo, ya ga fuskata, ya ja ƙofar ya ba ni wuri. Na jima a nan.

Da na iya ganin haruffan, na tura mata. "Ma'ana: cokali."