Ƙayar da Ke Kan Kabarin Mai Famfo

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masana mai nazarin al'amuran Koriya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Birnin Konni, kuma ni ne tafintan da ya raka wakilinku ƙauyenmu kusa da Tsarnawa. Na rubuta da Hausa domin in karanta wa mahaifina kafin in kai bosta, gidan waya.

Takardar labaranku ta iso mini. A ciki na ga hoton kabarin ɗan ƙasar Koriya da muke kira Mai Famfo, wanda ya zo aikin noman rani ya rasu a hannunmu. Kun rubuta cewa mutanen ƙauye sun mai da kabarin juji, sun tula masa ƙaya da fasassun tukwane, don haka kuna neman izini a tone shi a mai da gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunya, domin ni na nuna hanya.

Na ɗaya. Ƙayar nan ba shara ba ce. Haka muke rufe kabari don kada kura ko karnuka su tone, kada shanu su taka. Tsingaron tulun kuma alamar wajen kai ne. Kabarin kakana ma haka yake. Bambancin kawai, na kakana ƙayarsa ta daɗe da ruɓewa, na Mai Famfo kuwa duk shekara mahaifina yake saro sabuwar magarya ya ɗora.

Na biyu. Wakilinku bai tambayi kowa ba. Ya sauko daga mota, ya ɗauki hoto, ya duba agogo, ya ce a wuce Malbaza. Mahaifina ya shimfiɗa masa tabarma, an damo fura, bai zauna ba. Ban san irin binciken da ake yi a tsaye ba.

Na uku. Mamacin da bakinsa ya nemi a binne shi a gefen gonarmu. Zazzaɓi ya kama shi tsakiyar damina, ruwa ya yanke hanya, ya kwana huɗu a ɗakin mahaifina sannan ya cika. Liman da mai gari suna nan da ransu, sun ji wasiyyar. Tun daga lokacin shekara goma sha ɗaya ke nan ba a shuka gero a wannan gefen ba, ko a shekarar da muka ci dusa.

Abin da nake roƙo shi ne ku dakatar da maganar tonon, ku gyara abin da kuka buga a takarda ta gaba, ku aiko wanda zai zauna ya saurara. Idan danginsa ne da kansu suke so, ku haɗa mu da su, za mu yi magana.

Tun ranar da na fassara masa labarinku, mahaifina yake kai tabarmarsa bakin kabarin ya wuni. Duk motar da ta ratso daga titi sai ya miƙe da sandarsa. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni, kuma ya riga ya nuna mana inda za a haƙa nasa, taku uku daga na abokinsa.

Allah ya ƙara muku ilimi, ya ba ku haƙurin tambaya.

Wassalam.

Isuhu Garba,
Birnin Konni